Adenium honghel ko Adenium obesum: wace ce ƙariyar gaskiya?

Maman Sultana:
Assalamu alaikum jama'ar lambu. Gardama ce ta kaure a gidana tun jiya, na ce bari in kawo ta nan inda masana suke. Satin da ya wuce na sayi wata fulawa a bakin titi nan Kaduna, cikin 'yar tukunyar roba. Gindinta ƙato kamar tulu, rassa gajeru, furanni ja da fari rututu a sama. Mai sayarwa ya ce "dezat roz" ce, daga waje ake kawo ta, bayan dogon ciniki ya karɓe min dubu goma sha biyar. Na kawo ta gida ina ta ji da ita. Surukata da ta zo ganin likita daga ƙauye ta fito alwala, ta tsaya ta zagaya tukunyar sau biyu, sai ta ce, "Yanzu ƙariya kika sa kuɗi kika saya? Ga ta can bayan masallacin garinmu, ko akuya ba ta kallonta."

Ɗana da ke jami'a ya ɗauki hotonta, wayarsa ta ce Adenium obesum. Amma ya ce a wani tsohon littafi da ya gani a laburaren makarantarsu, gaban ƙariya Adenium Honghel aka rubuta. Shi ya kafe a kan itace biyu ne, wai honghel ce ta ƙauye, obesum ce ta waje mai tsada. Don Allah mene ne wannan honghel ɗin? Ban taɓa jin sa ba. Kuma cuta ta aka yi ko kuwa?

Na-Lambu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Turo hoton gindin tukuna, kusa-kusa, daidai inda rassa suka tashi. Kafin a yanke wa ɗan'uwana mai fulawa hukunci a bayan idonsa.

Tsohon Malamin Daji:
Hajiya, ki gaida surukar taki, ki ce mata ta fi waya sani. Ƙariya ce. Shekara talatin da ɗoriya na yi a aikin gandun daji, kuma a takardun da muka tarar a ofis lokacin da muka kama aiki, honghel ɗin nan shi ne a rubuce. Daga baya littattafan da suka zo suka koma obesum. Itace ɗaya ne, suna ne ya sauya. Littafin da yaronki ya gani, ina kyautata zaton na Dalziel ne, likitan Baturen nan ɗan Sikotilan da ya tattara sunayen itatuwa da Hausa, aka buga a 1916. Shi ne kuma ya yi babban littafin tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Duk wanda ya yi karatun daji a zamaninmu ya sha su.

Autan Gida:
Baba, ni ne ɗan nata. Shi ne littafin kuwa. Amma in itace ɗaya ne me ya sa tamu furenta ninki-ninki ne kamar an ɗinka, ta ƙauye kuwa ganyen fure biyar kacal, ruwan hoda? Kuma kaka ta ce ta garinsu ta fi ta tsawo.

Tsohon Malamin Daji:
Ɗana, kajin gidan gona da na kakarka ai ba kama ɗaya ba, amma duk kaji ne. Bari Dakta ya zo, shi zai warware maka na boko.

Dakta Mai Tsirrai:
Baba ya riga ya faɗi hukuncin, ni sharhi kawai zan yi, a yi haƙuri da tsawo.

Labarin ya fara ne a Yaman. A 1761 sarkin Danmak ya tura mutum shida zuwa ƙasar Larabawa don bincike. A cikinsu akwai wani matashi, Peter Forsskål, almajirin Linnaeus, wato mutumin da ya kafa tsarin ba kowane tsiro suna mai kalma biyu a 1753. Forsskål ya ga wannan itacen a Yaman, ya ga furensa da ruwan jikinsa sun yi kama da na wani sanannen itacen ado da ake kira Nerium, sai ya sa masa Nerium obesum. Bai koma gida ba, zazzaɓin cizon sauro ya kashe shi a garin Yarim a 1763 yana da shekara 31. Cikin su shidan mutum ɗaya ne ya koma da rai, Carsten Niebuhr, shi ne ya tattara takardun mamacin ya buga su a 1775. To daga wannan shekarar sunan obesum yake ƙirga shekarunsa.

A 1819 wasu masana biyu, Roemer da Schultes, suka ce wannan ba Nerium ba ne, gidansa daban, suka buɗe masa sabon gida mai suna Adenium. Kalma ta biyu ta biyo shi. Shi ya sa in ka ga an rubuta sunan cikakke za ka ga sunan Forsskål a taƙaice cikin baka, sannan na mutanen biyu a waje. Na cikin baka shi ne wanda ya fara raɗa suna, na waje su ne suka sauya masa gida.

Honghel kuwa sai a 1844 ya shigo. Alphonse de Candolle, ɗan Suwizalan, ya duba samfurin da aka kawo daga yankin Senigal, ya ɗauke shi a matsayin wani jinsi daban da na Yaman, ya sa masa Adenium honghel. Kalmar ba ta Latin ba ce, sunan da mutanen wancan yankin suke kiran itacen ne aka ɗauka yadda kunnen Bature ya ji. Da wannan sunan aka daɗe ana kiran ƙariyar Afirka ta Yamma, har zamanin Dalziel. Da aka tara samfura masu yawa daga Senigal har Sudan da Habasha da Yaman aka jera su, sai aka ga babu wata iyaka da za a ja a ce daga nan wannan ya ƙare wancan ya fara. Wani bincike da aka yi wa gidan Adenium gaba ɗaya a Wageningen ta ƙasar Holan a 1980 ya tsaya a kan jinsi biyar ne kawai. Idan sunaye biyu suka haɗu a kan itace ɗaya, ƙa'ida ita ce wanda ya riga fitowa shi ne da kujera. 1775 ta riga 1844. Honghel ya koma abin da muke kira suna na biyu, ana rubuta shi a ƙarƙashi don mai karanta tsofaffin littattafai ya gane.

Autan Gida, in za ka sa shi a aikinka na makaranta, obesum za ka rubuta. Kalmar farko da babban baƙi, ta biyu da ƙarami. Babban H da ka gani a littafin tsohuwar al'ada ce, da can in kalma ta biyu daga sunan mutum ko sunan gargajiya ta fito sai a girmama ta da babban baƙi. Yanzu an daina.

Maman Sultana:
Kai, Dakta Allah ya ƙara basira. To shi obesum ɗin me yake nufi?

Dakta Mai Tsirrai:
Mai ƙiba. Mai teɓa, in kin fi so. Saboda wannan gindin da kika ce kamar tulu.

Maman Sultana:
Innalillahi. Wato dubu sha biyar na ba da na sayi "ƙarya mai teɓa". Kada wanda ya gaya wa maigida.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Mu nan wajenmu masu lakwal, wato 'yan boko, suna ce mata rose du désert, wasu kuma baobab chacal, kamar ka ce kukar dila. In ka gan ta cikin rani ba ganye ko ɗaya, sai gindi da hure, wallahi kamar kuka ce aka matse ta ta zama 'yar ƙarama. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Suna guda da ya hito daga bakin mutanenmu na Afirka, shi ne aka ture, aka bar wanda ke zagin itacen da ƙiba. Dakta wannan adalci ne?

Dakta Mai Tsirrai:
Ɗan'uwa, na ji zafin, amma a nan ba a yi mana fashi ba, riga mu aka yi da shekara 69. Kuma ka lura kalmar farko, Adenium, ita ma ba daga Turai ta samo asali ba.

Na-Lambu:
Wannan kam ni ma na sani. Daga birnin Aden ne na Yaman. Haka ake rubutawa a jikin ledar irin da muke saya.

Almajirin Nahawu:
Allah ya gafarta malamai, ku ba ni dama in sa baki a nan. Na zauna a kudancin Saudiyya, can wajen duwatsun da ke iyaka da Yaman. Wannan itacen yana fitowa da kansa a jikin duwatsu, kuma mutanen wurin "adana" suke ce masa, ko "adan", da aini. To in Baturen ya tambayi makiyayi sunan itace aka ce masa adan, me zai kai mu neman birni?

Na-Lambu:
Malam, to ba daga birnin itacen ya samo sunan ba? Kamar yadda muke cewa ɗan Zariya.

Dakta Mai Tsirrai:
Duka maganganun biyu suna yawo a littattafai, kuma na masu sayar da iri sun fi son ta birnin don ta fi sauƙin faɗa. Ni dai ina bayan Malam. Dalilina biyu. Na ɗaya, ayarin su Forsskål ta Luhayya suka shiga Yaman, suka bi Baitul Faƙih, Moka, Ta'iz, Yarim, waɗanda suka rage suka ƙarasa San'a. Hanyarsu ba ta bi ta Aden ba. Na biyu, Forsskål mutum ne mai jin Larabci, kuma ɗabi'arsa ce ya rubuta sunan da mutanen wuri suke kiran tsiro. Har akwai wani tsiron daban mai kumburarren gindi da ya sa wa Adenia daga irin wannan sunan na Larabci, kuma shi dangin wani gida ne can daban. Wannan Adenia da Adenium suna rikita ɗalibaina duk shekara.

Akwai ma tarko na uku. A Girkanci akwai kalmar aden, tana nufin kaluluwa ko wani ɗan ƙullutu mai fitar da ruwa a jiki. Sunaye da yawa na tsirrai daga ita suke. Yaɗiyar da ake kwaɗo da ita sunanta Leptadenia hastata, aden ɗin cikinta na Girkanci ne. Ita da ƙariya 'yan babban gida ɗaya ne, sunayensu sun yi kama, amma ɗaya Girkanci ɗaya Larabci.

Hajiya Babba:
To ko dai da Aljannar Adnin yake da alaƙa? Don furen nan kam akwai kyau, masha Allah.

Almajirin Nahawu:
Hajiya, baƙaƙen dai iri ɗaya ne, aini da dali da nuni, kuma asalin yana ba da ma'anar zama da tabbata a wuri. Daga nan ma kalmar ma'adini ta fito. Amma kamar baƙaƙe ba ta isa a ɗaura wa itace nasaba da Aljanna ba. Mu bar shi a dutsensa.

Anti Kemis:
Musamman ma da yake guba ce. Ku yi haƙuri in katse daɗin hirar, tun ɗazu nake jira wani ya faɗa. Maman Sultana, surukarki ta ce akuya ba ta kallonta, to akuya ta san abin da take yi. Ruwan nan mai danƙo da ke fitowa in an karya reshe yana ɗauke da sinadarai masu aiki kai tsaye a kan bugun zuciya, dangin digoxin da ake ba masu ciwon zuciya da awo ƙanƙani. An daɗe ana dafin kibiya da shi a sassan Afirka, ana kuma kashe kifi da shi. In kina da mai rarrafe, ɗaga tukunyar sama. In kin yi mata aski ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa ido ko abinci, wuƙar ma kada ta koma kicin haka nan. In yaro ya tauna, asibiti kai tsaye, ba a tsaya ba shi madara ana jiran a gani ba.

Kuma Ɗan Maraɗi, ga abin da zai ɗan sanyaya maka rai. Honghel bai mutu ba, wurinmu ya koma. Lokacin da masana haɗa magunguna suka fara ciro sinadaran itacen nan, da wancan sunan suka san shi, don haka har yau akwai honghelin da hongheloside a littattafanmu. Masu tsirrai sun sauya suna, mu ba mu sauya ba. Irin haka ta faru da ouabain, wanda sunansa daga kalmar Somaliyawa ta dafin kibiya ya fito.

Tsohon Malamin Daji:
Gaskiyarki 'yata. Gidan nasu gaba ɗaya ba na wasa ba ne. Ƙwanƙwani da maharba ke dafa dafi da shi ɗan gidan ne. Tumfafiya ma haka, da fataka da majema ke cire gashin fata da ita. Yaɗiya ce kawai ta fita zakka ta shiga kwano.

Ɗan Maraɗi:
Na gode Anti. Amma Dakta ban sake ka ba. Ka ce wanda ya riga shi ad da kujera. To yaya aka yi da bagaruwa? Mu da Acacia muka san ta a lakwal, yanzu yara na cewa wani abu daban.

Dakta Mai Tsirrai:
Ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Nan kam ko ni ba zan kare su ba. Da aka gano cewa gidan Acacia ba gida ɗaya ba ne, dole a raba, bisa ƙa'ida ɓangaren bagaruwa ne ya kamata ya riƙe sunan, don ita ce ma'aunin gidan tun asali. Sai mutanen Ostireliya suka kawo ƙorafi cewa su ne da kusan jinsi dubu, sauya musu suna wahala ce. Taron masana na Biyana a 2005 ya ba su, na Melbon a 2011 ya tabbatar. Bagaruwa ta koma Vachellia nilotica, dakwara ta koma Senegalia senegal. Masana da yawa daga Afirka sun yi ta ƙorafi. Gawo shi tun kafin nan ya bar gidan, ya koma Faidherbia, sunan wani gwamnan mulkin mallaka na Faransa a Senigal. Wannan ya fi obesum ciwo in ka tambaye ni.

Sai dai kada mu ce ba mu da komai a littafin. Doka sunanta Isoberlinia doka, dokar nan tamu ta Hausa ce aka ɗauka ɗungurungum. Iburu kuma Digitaria iburua. Shi kansa Dalziel an saka masa da hano, Boswellia dalzielii.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a dawo kan ƙariya. Maganar bagaruwa a buɗe mata nata zaren, na san inda za ta kai mu.

Malama Ta Hausa:
To tunda an dawo, ni ina da gyara. Tun farkon zaren nan kowa yana rubuta ƙariya da ƙa mai lanƙwasa. Anya? Ni a garinmu a bakin shinge da ƙofar gida na san ana dasa ta, kuma tsofaffi suna cewa tana tsare gida. Ashe ba kariya ba ce, daga kare, wato abin da ke kare mutum? Ma'anar ta fi zama, kuma ta fi daɗin ji.

Tsohon Malamin Daji:
Malama, da kunne za a raba wannan, ba da ma'ana ba. Duk inda na yi aiki, daga ƙasar Katsina har ƙasar Sakkwato, da ƙa na ji manoma suna faɗa. Kuma suna ba da dalili. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Itacen nan zai rufe kansa da fure tun daga hunturu har bazara, ka sa ido ka ga ɗa, shiru. Shi ya sa aka ce mata ƙariya. In ban manta ba Dalziel ma wannan dalilin ya kawo.

Malama Ta Hausa:
Baba, ba na ja da kai, amma ka san halin mutanenmu. In kalma biyu suka yi kama sai a ƙera musu labari daga baya. Wa ya tabbatar karin maganar ba daga baya aka jingina ta ga itacen ba? Kuma yawancin masu rubutu a waya ba sa sa lanƙwasa, a takardun da ma haka, to ka ga rubutu ba hujja ba ne.

Autan Gida:
Na duba littafin yanzu a hoton da na ɗauka. Baba ya yi daidai, an ce sunan daga ƙarya ne saboda ba a cika ganin 'ya'yanta ba duk da yawan fure.

Malama Ta Hausa:
Wannan ya nuna abin da aka gaya wa Bature ke nan shekara ɗari da suka wuce. Na yarda tsohuwar magana ce. Ban yarda ta rufe ƙofa ba.

Maman Sultana:
Na je na tambayi mai ɗakin. Na ce "Inna, kariya ko ƙariya?" Ta kalle ni kamar na zauce, ta ce, "Ƙariya mana, irin wadda mai fulawa ya yi miki." Malama ki yi haƙuri, ni dai ba zan koma ba.

Malama Ta Hausa:
To Inna ta yi hukunci a garinsu. Zan tambayi namu tsofaffin in na je gida sallah.

Ɗan Maraɗi:
Amma hwa tana 'ya'ya. Ni na gani da idona a daji, arewa da mu. Kwanso biyu ne manne a gindi ɗaya, sun buɗe kamar ƙahonin sa, kowane ya kusa tsawon taƙi. In ya bushe sai ya tsage, irin ya hito da gashi a kai da gindi, iska ta kwashe.

Dakta Mai Tsirrai:
Wannan ita ce maganar da na fi so a duk zaren. Baba ya yi gaskiya, Ɗan Maraɗi ma ya yi gaskiya, kuma bambancin yana cikin kalma ɗaya da ya faɗa: a daji.

Ta cikin gari yaya ake samun ta? Wani ya sari reshe a gidan maƙwabci ya kafa, ya kama. Wani ya sara a nasa. Bayan shekara hamsin duk ƙariyar garin, ta bayan masallaci da ta ƙofar fada da ta maƙabarta, a haƙiƙa itace ɗaya ne aka yayyanka. Ita kuwa yawanci ba ta ɗaukar ciki da garin furenta, sai an kawo mata na wata wadda ba ita ba. Ga shi kuma furen nata yana da wuyar sha'ani: doguwar ƙahon busa ce, wurin da garin yake a ɓoye yake can ciki, sai ƙwaro mai dogon baki ne zai kai. A daji kowace daga iri ta tsiro, kowace daban, sai a samu 'ya'ya. To mutanen da suka raɗa mata suna ba su yi kuskuren gani ba, abin da ke gabansu a cikin gari suka faɗa. Mu ne muka hana ta haihuwa sannan muka ce mata maƙaryaciya.

Na-Lambu:
Yauwa, yanzu aka zo wurina. Hajiya na ga hoton da kika turo. Duba sama da gindin kaɗan, inda kowane reshe ya tashi. Kin ga wani tabo kamar an yanka an ɗinke, fatar ƙasa ta fi ta sama kauri da haske?

Maman Sultana:
Na gani! Guda uku ne, kowane reshe da nasa. Ɗaya ma har da ɗan guntun leda a maƙale, na ɗauka datti ne.

Na-Lambu:
To aure aka yi mata, irin na mangwaro. Gindin daga iri aka raine shi, don wanda aka kafa daga reshe ba ya yin wannan tulun mai kyau tun yana ƙarami, sai dai ya miƙe ya yi tsawo kamar ta garin su Inna. Sai da gindin ya yi shekaru sannan aka yanke kansa aka ɗora rassan mai fure ninki-ninki. Irin waɗannan masu ninki da launi kala-kala, a Tailan da Taiwan aka fi fitar da su, can sana'a ce babba. Don haka ba a cuce ki ba Hajiya. Ba sunan kika saya ba, shekarun da aikin hannun kika saya. Abin da kawai zan ce wa ɗan'uwana, da ya ce daga waje take, da ya ƙara da cewa kakanninta 'yan nan ne.

Abu biyu ki kiyaye. In wani reshe ya tsiro daga ƙasan tabon, cire shi, don furensa irin na ƙauye zai yi, kuma zai fi na saman ƙarfi ya kashe su. Sannan ruwa. Abin da ke kashe ta a hannun mata shi ne so. Wannan gindin randa ce, tana da guzurinta. Ƙasar tukunyar ta zama yashi ya fi yawa, da ɗan gawayi da taki kaɗan, tukunya mai huda. Sai ƙasa ta bushe ƙarau ki ba ta. Da sanyi in ta zubar da ganye kada ki ce ƙishi ne, barci take. Da damina ki janye ta daga inda indararo ke zuba. In kin matsa gindin kin ji ya yi laushi kamar gwanda, ruɓa ta fara.

Maman Sultana:
Tun da na kawo ta safe da yamma nake ba ta.

Na-Lambu:
Hajiya ajiye butar nan. Sati biyu kada ki kusance ta, ki fitar da ita rana.

Autan Gida:
To Dakta, in na fahimta: gindin obesum, saman ma obesum, ta kaka ma obesum, honghel kuma tsohon sunan ta kaka?

Dakta Mai Tsirrai:
Haka ne. Sai dai in kana neman tsofaffin bincike a kan gubarta ko amfaninta a Afirka ta Yamma, ka nema da honghel ɗin ma, har da hongkel da k, don wasu takardun Faransanci haka suka rubuta. In ka tsaya a obesum kaɗai rabin abin zai wuce ka.

Ɗan Maraɗi:
Akwai wata a gonar ƙanen babana da ta yi kwanso bana, bai tsage ba tukuna. In akwai mai so in ɗauro.

Na-Lambu:
Ina so! Amma ka naɗe kwanson da zare tun yana jikin itacen, sako-sako, in ba haka ba ranar da ya fashe ko ɗaya ba za ka tarar ba. Kuma kada ya daɗe a ajiye, sabon iri cikin mako guda yake tsirowa, tsoho kuwa sai addu'a.

Tsohon Malamin Daji:
Ka sa da ni, guda biyar sun ishe ni. Ta ƙofar gidana shekararta ashirin tana fure ita kaɗai, bari in samo mata abokiyar zama in ga ko za ta ƙaryata sunanta.

Maman Sultana:
Ni ma a sa da ni. Inna ta ce in dai kyauta ne a karɓo mata biyu.